Ranar da Abdulrazak Ya Tuɓe Takalmi a Biro

Salamu alaikum 'yan uwana na wannan shafi. Wadda ke girki ta rage wuta, wadda ke shayarwa ta gyara riƙon yaro, don abin da zan ba ku yau ni kaina in na tuna sai in fashe da dariya ni kaɗai a ɗaki, har Inna ta leƙo ta ce ko gamo na yi. Masu cika mini waya da tambayar "Zali, wai ke ce a bidiyon nan?" to ni ce. Ni ce mai jan hijabin nan da ke neman shigewa ƙarƙashin benci. Yau zan kwance muku zancen tun daga tushe.

Ga sabbin zuwa, sunana Zalihatu, a unguwar Zariya nake a nan Maraɗi. Mahaifina Ajidan Sallau tsohon soja ne, Ajidan ɗin muƙaminsa ne na soja. Da ya ajiye kaki sai ya buɗe ɗan kamfanin masu gadi, ya sa masa suna Ido Buɗe. Biron kamfanin, wato ofis, shi ne zauren gidanmu: tebur ɗaya, benci, fanka mai kuka, da ordinate, wato kwamfutar da nake dannawa. Ni ce sakatariya, ni ce mai dafa shayi, ni ce kuma mai shan faɗa in takarda ta yi ƙafa. Mutanenmu na gadin shaguna da farmasi da gidajen alhazai, muna dai rufa wa kanmu asiri.

Baba ba ya ɗaukar mai gadi da takarda. In mutum ya zo neman aiki sai ya zaunar da shi, a zuba masa shayi, a yi ta hirar damina da hatsi har ya saki jiki. Can sai Baba ya yi tari sau biyu. Inna na jin tarin daga tsakar gida za ta ɗaga tasa ta maka da ƙasa, ƙwaram! Wanda ya zabura ya yi wajen ƙarar, gobe ya zo a gwada masa kaki. Wanda ya zabura ya yi ƙofar waje, a ba shi goro a yi masa fatan alheri.

"Baki na ƙarya, takarda na ƙarya," in ji Baba, "amma jiki in an shammace shi bai iya ƙarya."

Shi ya sa babu tasa ɗaya mai lafiya a gidanmu, duk a lotse suke.

To akwai wasu manyan magazan, wato ɗakunan ajiyar hatsi na gwamnati, a Jiratawa. Shekara da shekaru kamfanin Alhaji Gado ke gadinsu, kuma ba a taɓa yin takara ba. A wata ma'aikata, wadda ba zan kama sunanta ba, ake kiransa a ɗaka a sa hannu a tashi. Abin da 'yan biro ke ce wa gire-a-gire ke nan, wato daga ni sai kai, babu na uku. Kowa kuma ya san ɗiyar Alhaji Gado na auren ƙanin direktan wurin. Wannan abu ya tsaya wa Baba a maƙogwaro. Ya kai ƙara, ya sake kaiwa, ya je gidan rediyo har masu gabatarwa suka haddace maganarsa:

"Kwangilar gwamnati ba lefe ba ce, ba a kai ta gidan surukai!"

A ƙarshe dai umarni ya zo daga Yamai: a yi takara, kowane kamfani ya kawo ambulan a liƙe, a buɗe a gaban kowa. Ranar Baba har rago ya so yankawa, Inna ta ce ya bari a ga wata tukuna.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kullum Baba na ce mini, "Ke Zali, ki hiddo miji. Ki kawo mani ɗan kabu-kabu, ki kawo mai tallan ruwa, zan ba shi. Amma ɗan biro, ko a mafarki." Ni kuwa zuciya ba ta da ƙashi, ta tashi ta faɗa kan ɗan biro. Ba ma kowane biro ba, ainihin ma'aikatar da Baba ke faɗa da ita.

Abdulrazak sunansa. Bagobiri ne ɗan Tsibiri, dogo, da zanensa a kumatu, kullum da safe yake hawo moto, wato babur, ya shigo Maraɗi. Ƙaramin ma'aikaci ne, a ɗakin tsofaffin dosiye, wato fayilolin takardu, yake, inda daga shi sai ƙura da ɓeraye. A bikin ƙawata Ilham muka haɗu, yana cikin abokan ango, aka zo sayen baki kunya ta hana shi ɗaga kai, ni kuma abin da ya kama ni ke nan. Kakarsa ce ta rene shi, tsohuwar da ke zane yaro in ya gaida babba a tsaye. Ranar da na ba shi Inna a waya su gaisa, ƙanwarsa ta tsegunta mini cewa a durƙushe ya yi maganar, a tsakar gidansu, kaji na kewaya shi. Sunan Baba kuwa bai taɓa fita daga bakinsa ba. Yana da aboki Sallau, tun da muka fara ya koma ce masa Mai Sunan Baba.

A gidan Gwaggo Halima da ke Sabon Gari yake zuwa zance, da sanin Inna. Mun shirya sai an gama rigimar kwangila, zuciyar Baba ta yi sanyi, sannan Inna ta shigar da maganar a hankali. Shi ya san Baba a hoto da hange daga nesa. Baba kuwa ko a hanya bai san shi ba.

Ranar buɗe ambulan na tashi na sha ado, don Baba ya ce sakatariya ba ta zuwa kamar an koro ta. Atamfa ruwan goro ɗinkin doguwar riga, jan hijabi, lallen da Ilham ta zana mini bai gama fita ba, na turara jikina da turaren wutar Inna. Baba ya sa farar shadda, ya goge takalmin sojansa har yana ɗaukar ido. Muna karyawa da kunu da ƙosai saƙo ya shigo.

"Gimbiya, Allah shi ba Baba sa'a. Ni ina can baya cikin ƙurata, ba za ku ma gan ni ba."

"Ka ɓuya da kyau," na rubuta. "In ka ji muryarshi ka shige cikin dosiye."

"Ke dai ki waiwayo taga ta ƙarshe in ga hijabin."

Ina murmushi Baba ya ɗago. "Kashe wayag ga. Aiki za mu, ba biki ba."

Na kashe. Da na ƙara minti kaɗan da ita a kunne, da na ga saƙon da ya biyo baya. Amma abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa.

Ɗakin taron ya cika. Ga shugaban komisiyon, wato kwamitin buɗe ambulan, da mutanensa a kan dogon tebur, ga masu kamfanoni a benci. Alhaji Gado ya iso da gezna mai maiƙo, ƙamshinsa ya riga shi shigowa, direbansa Idirisa na biye da shi riƙe da wayoyi.

"Ajidan, har yanzu ba ka gaji ba?"

"Soja bai gajiya, Alhaji, sai dai a canje shi. Yau ma canji muka zo."

Aka yi dariya. Muka zauna a bencin gaba, bakin hanya. Shugaba ya duba agogo ya ce sakataren komisiyon matarsa ta haihu da asuba, don haka an samo wanda zai karanta sunaye a madadinsa. Ƙofar gefe ta buɗe.

'Yan uwa, Abdulrazak ne. Rungume da ambulan a ƙirji, rigarsa fara ƙal, fuskarsa kamar wanda za a kai asibiti.

Na ce a raina, wuce, don Allah wuce, kar ka dube mu. Hanyar tebur kuwa dole ta gaban Baba ta bi. Ya taho, ya taho, ya iso daidai gwiwar Baba. Na ga yana ƙoƙarin ɗaga ƙafa ya wuce, wallahi na gani, ƙafar ce ta ƙi. Sai kawai ya sa dunduniya ya zare takalmi ɗaya, ya zare ɗayan, ya zube ƙasa da ambulan ɗin gwamnati a ƙirji.

"Ina kwana, Baba. An tashi lahiya?"

Baba ya amsa kamar yadda kowane dattijo zai amsa. "Lahiya lau, yaro. Allah shi yi albarka." Ya juyo gare ni a hankali. "Ɗan wane ne?"

Na ƙura wa lallen hannuna ido kamar yau na fara ganinsa.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi, don yaro ya gaida babba ba laifi ba ne, ko da yake Alhaji Gado mai furfura har gemu yana gefe ba a durƙusa masa ba, kuma na ga ya lura. Abdulrazak ya tashi ya isa tebur da safa kawai, takalman na nan gaban Baba a jere. Shugaba ya ce a fara. Doka ce a ɗaga kowace ambulan, a faɗi sunan kamfani da sunan mai shi da ƙarfi kafin a yage.

Ya ɗaga ta farko, ya karanta kamfanin Alhaji Gado tsaf. Ya ɗaga ta biyu, ya karanta. Ya ɗaga ta uku.

"Kamfanin Ido Buɗe, na..."

Ya tsaya cak.

"Na wa?" in ji shugaba.

Gumi ya keto masa. Ya dubi takardar, ya dubi silin, ya haɗiye yawu.

"Malam, karanta sunan. Jiranka muke."

"Na... na Baba."

Kun san ƙarar tasar Inna? To haka ɗakin ya yi. Alhaji Gado ya miƙe har hularsa na karkacewa.

"Baban wa? Kai da zanen Gobir har kunne, Ajidan Bakatsine, ina kuka haɗa uba?"

Sai Idirisa direba, Allah ya isa tsakanina da shi, ya ɗaga murya daga baya yana ɗaukar bidiyo. "Alhaji, ai saurayin ɗiyar ne! Kullum Lahadi motonshi na ƙofar gidan gwaggonta a Sabon Gari!"

A nan ne kuka ga jan hijabi na neman ƙarƙashin benci.

Alhaji Gado ya buɗe hannuwa ya juya yana kallon jama'a, daɗi kamar ya kashe shi. "Jama'a ku shaida! Mi Ajidan ke hwaɗi a rediyo? Kwangila ba lefe ba ce! Ashe nashi lefen ya shirya, har da mai ɗauko akwati!"

Aka kwashe da dariya, wasu na buga benci. Shugaba ya yi ta buga tebur, a ƙarshe ya ce an soke zaman, kowa ya karɓi ambulan ɗinsa, za a sa wata rana. Baba ya karɓi tamu. Ya miƙe, ya tsallake takalman nan, ya fita. Na bi bayansa.

A tsohuwar fijonsa har gida ko tari bai yi ba. Ni na fi son ya yi faɗa, don shirun Baba ya fi bulala zafi. Muna shiga ya tsaya a tsakar gida ya kira Inna da sunanta, abin da ba ya yi sai ta ɓaci.

"Tsahara! Kin san da zancen ga?"

Inna na tsince shinkafa. Ta dube ni, ta dube shi. "Na sani, Malam."

"Kin sani. Gwaggonta ta sani. Direban Gado ya sani. Ni mai kamfanin Ido Buɗe ni kaɗai ne makaho."

"Jira muke a gama..."

"An gama! Shekara nawa ina kiran mutane masu kai kwangila gidan surukai? Yau a gaban maƙiyana an nuna ni da yatsa." Ya juyo gare ni, idonsa ja. "Ba ki yi mani ƙarya ba, Zali, amma kin bar ni na shiga yaƙi ba bindiga. Kar in sake jin sunan yaron ga a gidan nan."

Na shige ɗaki na faɗa kan gado na yi kuka mai isata. Da na kunna waya saƙonsa na safe ya faɗo: "Zali an ce ni zan karanta. Na roƙe su sun ƙi. Ki hidda Baba daga bencin gaba don Allah." Ƙarƙashinsa wani sabo: "An dakatar da ni sai an yi bincike. Ki gafarce ni. Na yi niyyar wucewa, gwiwoyina ne ba su shawarce ni ba."

Ina hawaye na rubuta, "To sunan fa? Suna ne kawai a takarda!"

"Na buɗe baki sai na ga kakata tsaye da tsumagiya."

Ku gafarce ni, cikin kukan sai da dariya ta ƙwace mini.

Kafin la'asar bidiyo ya gama Maraɗi. Masu shayi, 'yan kasuwa, matan unguwa, kowa "na Baba". Masu gadinmu suka ce in sun tsaya bakin shago sai a ce musu, "Sannu da aiki, 'yan kamfanin Na Baba." Gwaggo Halima ta kira ta ce ita dai ba ruwanta, ta kuma tambaya ko yaron ya samu takalmansa. Baba ya daina zama majalisa, daga masallaci sai zaure.

Ana nan wata safiya ya ce in shirya in raka shi Jiratawa, wai Inna na son zogale. Muka bi ta cikin garake, ko'ina kore shar, mata na tsinkar ganye suna cika buhuna. Bai tsaya wajen masu zogale ba, sai gaban magazan nan. Ya kashe mota ya daɗe yana kallonsu.

"Kin ga ƙofar can? Nan na so in sa mutum biyu. Bayan can inda katanga ta zube, ɗaya."

Kafin ya rufe baki wani dattijo ya taho da fartanya a kafaɗa, ya ƙame ya sara masa. Zakari ne, tare suka yi soja, yana cikin waɗanda Baba ya yi wa alkawarin aiki in an samu kwangilar.

"Ajidan, yaushe za mu sa kaki? Yara sun ce in tambaya."

"Sai abin da Allah ya yi, Zakari."

A hanyar dawowa Baba ya yi mini bayani a natse, ba faɗa. Ya ce ko an cire yaron daga komisiyon, muddin surukinsa na cin abinci a ma'aikatar nan, duk ambulan da ya kai za a ce lefe ce, kuma masu faɗa ba su yi ƙarya ba. Ko kwangila, ko suruki. Biyun ba sa shiga tukunya ɗaya.

Na dubi ganyen da ke wucewa ta taga, na tattaro duk ƙarfin da nake da shi. "Baba, in don ni ne, na haƙura."

Allah ya sani ban haƙura ba. Bakina ne ya faɗa, zuciyata na ihu. Baba ya dube ni ta gefen ido, ya mai da kallonsa kan hanya.

"In mun isa ki sake buga dosiyen."

Haka na zauna gaban ordinate ina bugawa ina share hawaye da bakin hijabi. Kowane shafi na fitar ji nake kamar da hannuna nake rufe ƙofar Tsibiri. Na tura wa Abdulrazak, "Baba ya zaɓi kwangila." Ya amsa: "Ya yi daidai. Mutane da yawa na jiranta. Ni ɗaya ne." Wannan amsa ita ta fi komai karya ni.

Bayan magariba ina wanke-wanke na ji Inna ta ajiye wa Baba tuwo da miyar kuka, ta zauna gefen tabarma tana juya wata lotsattsiyar tasa a hannu.

"Malam, tasa nawa ka sa na fasa a gidan ga?"

"Mi ya kawo zancen tasa?"

"Duk don kana neman wanda jikinshi bai ƙarya. Yau an shammaci yaro a gaban shugabanninshi, ya san aikinshi na iya tahiya, jikinshi bai yi ƙofar waje ba, wajenka ya yo. In mai gadi ne da tuni ka auna mashi kaki."

Baba ya ci gaba da cin tuwo kamar bai ji ba. Ya wanke hannu ya fita masallaci.

Ranar zama na biyu ban yi kwalliya ba. Baƙin hijabi na zura, ko hoda ban shafa ba. Ɗakin ya fi na farko cika, har da waɗanda ba su da kamfanin ko kaza, sun zo kallon Na Baba. Sakatare mai jego ya dawo. Alhaji Gado na ta washe baki.

"Ajidan, yau ba mai tuɓe maka takalmi?"

Aka karanta ta farko, aka karanta ta biyu. Sakatare ya ɗaga tamu.

"Kamfanin Ido Buɗe, na Ajidan Sallau."

"Na Baba!" wani ya yi ihu daga baya, aka yi dariya.

Sakatare ya sa yatsa zai yage, sai na ji benci ya motsa. Baba ne tsaye, a ƙame kamar a fareti.

"Dakata. Shugaba, a ba ni ambulan ɗina."

Shugaba ya cire tabarau. "Ajidan, ka san in ka janye ba dawowa?"

"Na sani. Ni na ce kwangilar gwamnati ba a kai ta gidan surukai, kuma ban canza magana ba. Yaron da kuka dakatar bai ci amanar kowa ba, tarbiyya ce ta yi mashi yawa, ku mai da shi aikinshi. Ni ne ya kamata in hita, don daga yau ni surukin gidan ga ne."

'Yan uwa, ban gane ba da farko. Kalmar ta shiga kunnena ta tsaya tana jira. Suruki. Baba ya ce suruki. Da bakinsa, a gaban shugaba, a gaban Alhaji Gado, a gaban wayar Idirisa. Sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki, na toshe baki da hijabi, hawaye na zuba ina dariya kamar taɓaɓɓiya. Tun da aka haife ni ban taɓa jin daɗi irin na lokacin nan ba.

Baba ya karɓi ambulan ya sa a hammata. Har ya kai ƙofa ya juyo, ya bi ɗakin da kallo a hankali.

"In da sauran suruki a ɗakin ga, ƙofar na da faɗi, mu biyu ma muna wucewa."

Babu wanda ya kama suna, amma duk kawuna suka juya wuri ɗaya. Alhaji Gado ya kama tari, ya ce Idirisa ya kashe wayar nan. Wannan rigimar tana can tana dahuwa har yanzu, an ce har Yamai ta kai, mu dai mun fito.

A baranda na riƙo hannun rigar Baba, abin da rabona da yi tun ina ƙarama. "Baba, to mi ya sa ka sa na sake buga dosiyen?"

"Don har na zauna a bencin can niyyata in yi takara." Ya yi ɗan murmushi. "Ƙafafuna ne suka miƙe ba su shawarce ni ba."

"Su Baba Zakari fa?"

Fuskarsa ta canza kaɗan. "Haƙƙinsu na wuyana. Zan bi shaguna ɗaya bayan ɗaya sai na sama masu wuri. Wannan nawa ne, ba naki ba."

Muna fitowa harabar na hango moto ƙarƙashin bishiyar bedi a wajen get, da dogon mutum tsaye kusa da shi. Ashe tun safe yake nan, ya zo ba Baba haƙuri, ya kasa shigowa. Yana ganin mun nufo shi ya fara laluben dunduniya.

"Kai!" Baba ya daka masa tsawa irin ta bariki. "Bar takalmin ga! Bai ishe ka ba abin da ya jawo mana?"

Ina! Kafin Baba ya rufe baki Abdulrazak na ƙasa, ƙafa ba takalmi a kan rairayi mai zafi, kai a sunkuye. "Baba, ku gafarce ni."

"Bagobiri dai bai jin magana. Tashi." Bai tashi ba. Baba ya tsaya a kansa yana kallonsa kamar yadda yake kallon sabon mai gadi. "Ka san abin da na ajiye a ɗakin can saboda kai?"

"Ban sani ba, Baba."

"Za ka ji a bidiyo. Ka tahi Tsibiri ka ce wa magabatanka ina jiransu da goro. Kuma ka zo mani da tsohuwar da ta rene ka, ina son in gaishe ta."

Abdulrazak ya ɗago ya dube ni, ya dubi Baba. Ni kuwa na ja hijabi na rufe fuska, na bar ido ɗaya. Baba ya buɗe mota, ya jefa ambulan a kujerar baya, ya ce in shiga. Sai da ya tada injin ya leƙo ta taga, ya ɗaga murya yadda masu gadin get da 'yan kallo duk za su ji.

"Wannan kwangilar kam gire-a-gire na ba da ta, ba takara. Duk mai ƙara ya same ni a gida."

Muka ja. Na leƙa ta madubi, yana nan durƙushe a rana, ya ɗaga hannuwa sama yana addu'a, takalmansa a jere a gefe. Muna isa gida ban jira mota ta gama tsayawa ba na ruga ciki. Inna na tsaye bakin murhu da sabuwar tasar da ta saya ta ɓoye wa Baba. Ta dubi fuskata kawai, ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗaga tasar sama ta maka da ƙasa, ta rangaɗa guɗa.